Ɗigon da ke Gefen Sifiri

Ka tambayi yaran Yelwan Yauri na yanzu wane ne Samuel Ɗangana, za su ɗaga maka kafaɗa su ci gaba da latsa waya. Amma ka shiga gidajensu ka duba bango. Hoton auren iyayensu, hoton kakansu ya rungume giwar ruwa da ta kusa fin shi tsawo, hoton su kansu ranar suna an cika musu ido da kwalli suna tsala ihu, duk wanda ka juya bayansa tambarin mutumin nan za ka gani. Shi ne Baba Mai Hoto. Yana nan da ransa a wani lungu bayan kasuwar kifi, cikin gida mai ɗaki biyu da bishiyar lemo a tsakar gida. Mutane ne dai suka daina nemansa.

A kan dutse aka haife shi, wani ƙauye can bayan Ngaski inda akuya ma sai ta yi shawara kafin ta hau. Ubansa manomin gero ne mai riƙe da al'adar kakanni, bai taɓa leƙa coci ko masallaci ba har ya bar duniya. Samuel ya bi 'yan mishan saboda makaranta, ƙanwarsa Habsatu ta auri Musulmi ta musulunta, kuma ba wanda ya ɗaga wa wani murya a kan haka. Ran sallah a ci shinkafa a gidanta, ran Kirsimeti a ci a gidansa. Yana saurayi ya gangaro Yelwa, lokacin tafkin Kainji bai daɗe da cika ba, gari ya cika da baƙi, kowa na neman hoton da zai manna a takarda. Wajen wani Bayerabe ya koyi sana'ar, da mutumin ya koma garinsu shi ya gaji shagon har da labulen baya mai zanen jirgin sama.

Kai, mutumin nan akwai taurin kai! Hoto mai tabo bai taɓa fita daga hannunsa ba. Amarya za ta zo karɓar hotonta, ta gan shi ta ce ya yi, har tana rawar kai, shi ko ya hango wani ɗan zane da ba ya kai gashin ido a gefen mayafinta, sai ya keta a gabanta ya ce ta dawo gobe. An zage shi, an roƙe shi, an kai ƙararsa wajen Fasto, duk a banza. Cewa yake hoto ya fi mai shi daɗewa a duniya, shi kuma ba zai bari a riƙa nuna kuskurensa bayan ya mutu ba.

Matarsa Loveth daga wajen Shanga take, kuma ita ce kishiyar halinsa. Shi magana sai an ja, ita kuwa daga bakin ruwa ta yi dariya sai an ji a tasha. A gidan ƙanƙara na ƙungiyar masunta take aiki, ita ke auna kifi. Sikelin wurin ba irin na kasuwa ba ne mai allura. Akwai faffaɗan ƙarfe a ƙasa inda ake ɗora kwando, sannan akwai kan sikelin a bisa tebur: akwatin ƙarfe mai 'yan kwalabe uku na gilashi a jere, kowace kamar babban yatsa. A cikin kowace kwalba an lanƙwasa siraran wayoyi siffar lambobi, daga sifiri zuwa tara, an jera su wata bayan wata. Da an ɗora kaya sai lambar da ta dace ta kama, ja-ja kamar garwashi, sauran su zauna a duhu. Masunta daga tsibirai kan zo don kallon abin kawai, wasu har su hau ƙarfen da kansu. Loveth ce ke ƙwala lambar da ƙarfi, ta haɗa da tsiya.

Hoton wurin aka kira Samuel ya ɗauka. Ya je ya ɗauka, ya koma ya ce bai fita ba, ya sake komawa ya ce haske ne bai yi ba. A zuwa na ƙarshe Loveth ta dube shi ta ce in aure yake so ya faɗa, kifi na jiranta.

Da gidan ƙanƙarar ya mutu, masu sayen tsohon ƙarfe suka kwashe komai. Kan sikelin kaɗai ya tsira, don Loveth ta riga ta ɗauko shi a ka ta kawo gida. Ta ajiye shi kan tebur a falo, ta saƙa masa ɗan mayafi. In aka kawo wuta sai ta kunna. To, ba ƙarfen ɗora kaya, me zai auna? Sifiri uku kawai yake nunawa, jajaye, shiru. Samuel ya sha yi mata tsiya cewa ita kaɗai ce a Yauri ke ƙona wuta don ta kalli sifiri. Ita kuma ta ce ya je ya ji da kyamararsa da waya ta kashe wa kasuwa.

Bara ta rasu, ƙarshen damina, bayan 'yar gajeriyar jinya. 'Yarsu guda, Mariya, ma'aikaciyar jinya ce a Minna, ta zo ta yi zaman makoki ta koma ga mijinta da aikinta. Gida ya yi tsit. Shirun nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya saba ana yi masa surutu tun daga asuba. Da ma shi bai iya fara hira ba, Loveth ce ke jawo mutane, shi yana gefe yana murmushi, da ta tafi sai mutanen suka bi ta. Ran Lahadi ya je coci, a gaishe shi, ya amsa, ya dawo. Habsatu na aiko masa da tuwo daga unguwarsu, ya ci rabi ya rufe. Ya zauna gindin lemo ya ji kabu-kabu na wucewa, ya ji 'yan kifi na ciniki a bayan katanga, ba mai kiran sunansa. Wata rana ya lura tun safe har la'asar bai buɗe baki ba sai don hamma. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, ba ya kuma faɗa wa kowa.

Ana cikin damina Mariya ta kira shi a waya.

“Baba, mun fara shirin addu'ar cika shekarar Mama. Za a buga ɗan littafin waƙoƙi a raba a coci. Gaba za mu sa hotonta, baya kuma ina so a sa sikelinta a kunne. Kowa da shi ya san ta. Za ka iya ɗauka mana?”

“Zan iya? Ni kike tambaya ko zan iya?”

Ta yi dariya, ta ba shi haƙuri. Shi kuwa ya ajiye wayar yana jin wani ƙarfi da ya manta da shi. Aiki ya samu.

Ɗaukar abin da ke ba da haskensa da kansa ba wasa ba ne, ya kuma sani. In ka kunna filashin kyamara ka kashe hasken abin, gilashi da waya kawai za ka gani. Sai an yi duhu, an kafa kyamara kan ƙafafunta, an bar idonta a buɗe ya sha hasken a hankali, ba motsi. Da rana tsaka ya rufe taga da bargo, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ya rataya baƙin ƙyalle bayan akwatin. Ya ɗauko kyamarar da Mariya ta sayo masa, mai nuna hoto nan take a bayanta, wadda da ya raina ya ce ta yara ce. Ya yaye mayafin da Loveth ta saƙa, wanda tun rasuwarta bai taɓa ba, ya jira aka kawo wuta, ya kunna. Sifiri uku suka tashi. Ya danna, ya janye hannu, ya riƙe numfashi.

Hoto ya fito da kyau, ja mai taushi a kan baƙi. Sai dai a kwalba ta uku, ƙasa kaɗan da sifirin ta hannun dama, ga wani ɗigon haske kamar ƙwayar gero.

Ya yi tsaki. Ya dubi kwalbar da idonsa, bai ga komai ba. Ya goge gilashin kyamara ya sake, ɗigo na nan. Ya ce to haske ne ke sata daga waje, ya bi rufin kwano da ido har ya samo hudar ƙusa, ya hau kujera da tsufansa ya cusa mata takarda. Ɗigo na nan. Ya cire agogon hannunsa ko shi ke ƙyalli, ya liƙe 'yar jar fitilar kyamara da filasta, ya sauya farar rigarsa da baƙa. Ɗigo na nan daram. Ya matsar da kyamara hagu, ya matsar dama, ya ga ɗigon bai bi kyamara ba, kwalbar yake bi. Ashe ba a waje yake ba, a ciki yake. Ya zargi wutar gari da ke hawa da sauka, ya roƙi maƙwabci ya ja masa waya daga janareta, hoton ya fito iri ɗaya.

Abu biyu ya gano cikin kwanakin nan. Na farko, in ya daɗe zaune a duhun har idonsa ya saba, yana iya ganin ɗigon ba tare da kyamara ba, dishi-dishi, in ya kalle shi ta gefen ido. Na biyu, ran da aka yi ruwa ɗigon ya fi haske, ran da rana ta buɗe sai ya dushe kamar zai ɓace.

A haka Habsatu ta same shi, ta zo da kanta don kwanon tuwo ya koma mata ba a taɓa ba. Ta yi sallama ta tura ƙofa, ta tarar da yayanta cikin duhu da rana tsaka, gumi na tsiyaya.

“Subhanallahi! Yaya, mi kake yi haka kamar mai haɗa magani?”

Ya nuna mata hotunan a bayan kyamara, ya yi mata bayanin duk abin da ya gwada. Ta daɗe tana kallo. Ta zauna kan kujerar da Loveth ke zama, ta gyara mayafi.

“Yaya, ka bar wanga abu yadda ka gan shi.”

“In bar tabo a hoto?”

“Ni ban ce komai ba. Amma gidan ga ya yi maka shiru da yawa. In ka samu abin da ke fitowa in ka zauna, mi ya kai ka bincike?”

“Haba Habsatu! Da girmanki? Matattu ba su shiga kwalba. Ba a littafinku, ba a namu.”

“Na ce maka ban ce komai ba,” in ji ta. Ta tashi ta ɗumama masa miya, ta tsaya a kansa sai da ya ci.

Ya yi mata dariya ranar, har ya raka ta bakin titi yana yi. Amma washegari da ya rufe taga ya kunna akwatin, bai kafa kyamara ba. Ya zauna kawai. Da ɗigon ya fara bayyana a gefen idonsa sai ya ji bakinsa ya ce, “Kin tashi lafiya?” Ya waiga ko wani ya ji shi, alhali ya san ba kowa.

Daga nan abin ya zame masa jiki. In aka kawo wuta, ko yana gindin lemo sai ya tashi da sauri ya shiga. Ya ba ɗigon labarin lemon da ya fara nuna, da rufin coci da ke yoyo daidai kan mawaƙa, da jikar Habsatu da ta fara tafiya. Mutumin da matarsa ta yi shekaru tana roƙo ya buɗe baki, ga shi yana zuba kamar rediyo. In hadari ya haɗu sai ya ji daɗi, don ya san yau za a gan shi sosai. In ya je kasuwa sai ya riƙa sauri ya dawo, kamar wanda aka bar wa tuwo a wuta.

Kada wani ya ce tsohon ya zautu. Da hankalinsa garau. Ya san ba Loveth ba ce, ya san kowane haske a duniya da dalilinsa, ai da haske ya ci abinci duk rayuwarsa. Abin da yake tsoro ɗaya ne: a gaya masa dalilin. Muddin ba wanda ya faɗa masa, to akwai abin da ke jiransa a ɗaki. Ran da aka faɗa, ya koma shi kaɗai. Shi ya sa ya daina bincike, ya tura wa Mariya mafi kyau daga cikin hotunan, da ɗigonsa, yana fatan ba za ta lura ba. Karo na farko ke nan da hoto mai tabo ya fita daga hannunsa.

Ta ko lura.

“Baba, hoton ya yi kyau, amma akwai wani ɗan ɗigo a gefe. Kar ka damu, mai buga littafin ya ce zai goge shi a kwamfuta, aikin minti ɗaya ne.”

Jinin Samuel ya hau har kunne.

“Wa zai goge? Hotona? Wani yaro a Minna zai gyara hoton Samuel Ɗangana, a raba a coci, a ce ni na ɗauka?”

“Baba, ba wanda zai sani.”

“Ni zan sani. Ki ce ya cire hannunsa. Zan aiko da wani mai tsabta.”

Ya kashe wayar yana huci, sai da ya huce ya gane abin da bakinsa ya jawo masa. Hoto mai tsabta ba zai samu ba sai ɗigon ya tafi. Ya kwana biyu yana jan ƙafa. Ya ɗauki waya zai ce mata a goge kawai, ya tuna amaren da ya keta wa hoto, ya ajiye. Wayyo, girman kai mugun abu ne, ko a tsufa ba ya sakin mutum. Ran da ya yanke shawara, ya naɗe akwatin da tawul, ya rungume a ƙirji, ya hau kabu-kabu yana ce wa mai tuƙin ya bi a hankali.

Wajen Basiru mai gyaran rediyo ya nufa, a layin da ke gangarawa bakin ruwa. Basiru magidanci ne, furfura ta fara fito masa, tun zamanin rediyo mai kwalabe yake sana'ar, yanzu yawanci fitilun sola da caja yake gyarawa. Duk hanya Samuel addu'a ɗaya yake: Allah ya sa Basiru ya duba ya ce bai sani ba. In ya ce haka shi ke nan, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya koma gida da abinsa.

“A'a, Baba Mai Hoto da kansa! Sannu da zuwa. Ya ƙarin haƙuri?” Basiru ya share masa benci. Da aka kwance tawul sai ya tafa hannu. “Kai! Sikelin Maman Mariya! Ina yaro mun sha leƙen wanga abu ta taga.”

Samuel ya nuna masa hoton, ya faɗi abin da ya lura game da ruwan sama. Basiru ya gyaɗa kai, ya juya akwatin, ya buɗe wata 'yar ƙofa a bayansa, ya sa yatsu biyu ya zaro kwalba ta uku a hankali. A gindinta akwai siraran ƙafafun ƙarfe a zagaye. Ya ɗaga ta wajen haske ya runtse ido ɗaya.

“Ga shi nan. Ba wani abu ba ne, Baba, datti na. Ka ga kowace lamba da tata ƙafa. Wuta na shiga ƙafar sifiri kaɗai. To dubi wanga farin abu da ya daskare tsakanin ƙafa da ƙafa. In iska ta yi laima sai ya jiƙe, wuta ta samu hanya ta ɗan tsallaka ƙafar kusa, sai gefen wata lamba ya ɗan kama. Shi ne ɗigonka. In rana ta fito ya bushe, ya ragu. Ƙila ma ya daɗe yana yi, ba wanda ya zauna a duhu ya kalla.”

Shi ke nan. An faɗa. Samuel ya dafa benci. Datti. Duk gaisuwar nan da labarin lemo, datti yake yi wa. Kunya ta rufe shi, haushin kansa ya biyo baya.

Basiru ya tsoma auduga a sipirit zai goge.

“Ba ni nan,” in ji Samuel. “Ni zan yi.”

Ya karɓa ya goge da irin hannun da yake goge gilashin kyamara, ƙafa bayan ƙafa, lungu bayan lungu. Haushin ya sa ya ƙara dagewa. Ya sauya auduga ya sake bi, ya hura, ya ɗaga wajen haske, sai da gindin kwalbar ya yi ƙal. Audugar da ya gama da ita ya jefa cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin tebur, inda Basiru ke jefa nasa.

Basiru na ƙoƙarin mayar da kwalbar sai ya tsaya. Ya girgiza mazauninta da yatsa.

“Af, ashe nan ne. Mazaunin ya saki tun da daɗewa, kwalbar na ɗagowa da kanta. Shi ya sa sauran biyun tas suke, wannan kaɗai ta yi datti.” Ya lakato ɗan farin garin da ya zubo kan tebur lokacin da ya zaro ta, ya ɗora a harshe, ya tofar, ya share teburin da tsumma. “Gishiri na, wallahi. Wani ya yi shekara da shekaru yana danna kwalbar ga da jiƙaƙƙen hannu mai gishiri.”



Mutum ɗaya ce a duniya ta taɓa sa hannu ta wannan 'yar ƙofa. Sai yanzu abin ya dawo wa Samuel, sarai. A gidan ƙanƙara cikin ruwan gishiri ake daskarar da ƙanƙara, hannun Loveth kullum a jiƙe yake da shi, har ya tsattsage mata fata. In lambar ƙarshe ta fara ƙyafta ido ana tsakiyar awo, ba ta ko kallo, sai ta kashe, ta zura hannu ta baya ta danna da babban yatsa, ta kunna, ta ce, “Zauna mana, uwar rawa!” ta ci gaba da ƙwala lamba. Ya sha gani yana tsaye da kyamara a wuya yana jiran ta tashi aiki. Kayanta an raba, ɗakinta an share, zanen gadon an wanke. Abin da ya rage na jikinta a duniya shi ne ɗan gishirin nan na yatsarta, shi ne kuma ke kama wuta in an yi ruwa. Da hannunsa ya goge shi, ya kuma goge da kyau.

Ya durƙusa ya jawo gwangwanin. Cike yake da auduga, dunƙule-dunƙule, duk sun yi baƙi-baƙi iri ɗaya, na rediyon wani, na fitilar wani. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan. Ba yadda za a yi ya gane nasa.

“Baba, wani abu ya faɗi?”

“A'a,” in ji shi. Ya mayar da gwangwanin ya miƙe.

Basiru ya matse mazaunin da ɗan ƙarfe don kada kwalbar ta sake ɗagowa, ya kunna, sifiri uku suka tashi. Ya ƙi karɓar komai, ya ce ai Maman Mariya uwa ce, ya tsayar masa da kabu-kabu da kansa.

Da la'asar ɗin nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wuta kuma ba ta ɗauke ba. Samuel ya rufe taga, ya kafa kyamara, ya danna. Hoton ya fito ba abin da za ka nuna da yatsa. Bai taɓa ɗaukar wanda ya kai shi ba. Ya tura, ba a jima ba waya ta yi ƙara.

“Baba, tas! Ba ko ɗigo. Na ce musu ai babana ne. Ya aka yi ka cire shi?”

“Gogewa na yi.”

“Sannu Baba. Ka ci abinci?”

Ya ce ya ci.

Bayan ta kashe ya zauna a duhun, ruwa na dukan kwano. Ya bar idonsa ya saba, ya kalla ta gefe yadda ya saba kallo, ya daɗe. Ba komai sai sifiri uku. Can ya tashi ya je madafa, ya ɗebi gishiri ya zuba a kofi, ya kaɗa da ruwa. Ya dawo ya cire akwatin daga wuta, ya juya shi, ya buɗe 'yar ƙofar. Ya tsoma babban yatsansa a kofin ya kai shi bakin ƙofar, har ruwan na ɗiga kan tebur. Ya san yadda ake yi yanzu, Basiru ya koya masa. In ya danna yau ya danna gobe, kafin damina ta fita ɗigo zai dawo.

Sai dai nasa ne zai dawo.

Ya tsaya a haka, hannu a miƙe, har ruwan ya bushe ya bar masa fari-fari a yatsa. Sannan ya rufe 'yar ƙofar, ya yaye bargon daga taga, ya zauna yana kallon ruwa na sauka a tsakar gida.